Guzurin da Gwangwani Ya Ƙi

Ranar Litinin da hantsi Trudy Reinholt ta dire gwangwanin giyar inabi ɗaya a kan goshin motar Arlis Teeter, ta ce, "Buɗe ka ji."

Ya buɗe. Tun bai kai shi hanci ba ɗoyin ya tarye shi, ɗoyin baragurbi sak, irin ƙwan da kaza ta gaji da kwanci ta tashi ta bari. Ya miƙa wa yayarsa Bev, wadda ke zaune a mota da ƙofa a buɗe tana ɓarar gyaɗa. Ta sansana sau ɗaya ta mayar masa.

"Wannan ko maƙiyinka ka ba, sai Allah ya tambaye ka," in ji Bev.

Trudy ba ta yi dariya ba. "Kantuna uku sun dawo mini da kaya. Wata mata a wurin bikin 'yarta ta buɗe nata, a gaban surukai. Shekara arba'in da ɗaya sunan gidanmu yana jikin kwalba, ba a taɓa dawo mana da ko ɗaya ba. Na shiga gwangwani sau ɗaya tak, ga abin da na samu."

Arlis ya juya gwangwanin a hannu yana dubawa. Shi ya cika shi, babu musu. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan tankar madara a gonakin shanu da ke kewaye da tafkin yankinsu, har gonakin suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, shi da Bev suka haɗa kai suka sayi tirela mai injin cika gwangwani a cikinta. Lokacin ne kasuwar giyar inabi ta fara juyawa. Yaran yanzu ba sa son kwalba: ta yi nauyi, ba a shiga da ita bakin ruwa ko filin kiɗa, in kuma ka buɗe ta dole ka shanye ko ta lalace. Masu ƙananan gonakin inabi suna son gwangwani amma injin ya fi ƙarfinsu, don haka Arlis ke bin su gida-gida, ya jona tiyo a tankinsu, ya cika, ya rufe, ya wuce. Gonaki bakwai ke riƙe da shi. A watan Afrilu ya cika wa Trudy farar giyarta, tanki guda, yini guda.

Ɗoyin kuwa ba baƙo ba ne a sana'ar. Kowa ya san ana zuba wa giya garin farar wuta don kada ta yi tsami. Kwalba ba ta damu da yawansa ba. Gwangwani kuwa, ɗan shafi ne siriri a cikinsa ya raba giya da ƙarfe. In garin ya yi yawa sai ya ratsa shafin ya taɓa ƙarfen, bayan wata huɗu ko biyar a sami wannan wari. Ko dai gari ya yi yawa, ko shafi ba shi da kyau. Na farko laifin mai giya ne, na biyu laifin mai gwangwani.

Trudy ta zaro takarda daga aljihun wandonta ta buɗe masa. "Kai ka ce in rage garin, na rage. Da safen ranar na auna a gabanka, ga lambar, ga sa hannunka a ƙasa. Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba."

"To saura wa?"

"A kai wa masu gwaji mana," in ji Bev, "su raba gardama."

"Na kai. Kwana goma sha biyu suka ce, girbi ya matso, kowa ya jibge musu inabi." Ta ninke takardar. "Ranar Alhamis akwai taron manoma a zauren 'yan kwana-kwana. Dom Ferrante zai cika tasa mako mai zuwa, sauran na bin bayansa. Arlis, aji ɗaya muka yi da kai, ba na neman ka da sharri. Amma ba zan zuba ido su zuba wahalar shekara a cikin abin da ya ɓata tawa ba. Zan tashi in faɗa."

Arlis ya san in ta tashi ta faɗa, tirelar ta zama akurkin kaji. A bakin tafkin nan magana ba ta buƙatar mota. Sai dai wani abu daban ne yake yi masa yawo a ka.

"Duka ne suke wari?" ya tambaya.

"Me?"

"Gwangwanayen. Duk wanda aka buɗe?"

"Ina na sani? Wasu sun ce nasu lafiya lau. Wannan ne zai wanke ka?"

"A'a. So nake in sani kawai. Ki ba ni kwalayen da aka dawo da su."

Ta dube shi tana neman inda zolayar take, ba ta samu ba. Ta nuna masa ƙofar sito.

Da la'asar ya ɗora katako a kan ganguna biyu a tsakar gidansa, ya kifa gwangwanayen gindi sama. Injinsa yana buga kwanan wata a gindin kowanne, kamar na kowa, amma nasa har da awa da minti. Ɗabi'ar masu madara ce ta biyo shi. A can in ba ka rubuta lokacin da ka ɗeba ba, kai za a ɗora wa ranar da ta yi tsami. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana jerawa, daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu da rabi na yamma, ɗari da ashirin da 'yan kai.

Bev ta fito da kofi biyu, ta tsaya tana kallon sa. "Kai dai tun kana yaro haka kake. Gida na cin wuta kana tambayar wane kanti aka sayo ashanar."

"Zo ki ara mini hancinki."

"Hancina ba na haya ba ne." Amma ta ajiye kofunan ta zo.

Suka faro daga farkon layi. Ƙarfe tara da minti huɗu, ƙamshin tuffa da lemo, tas. Tara da rabi, haka. Goma da kwata, haka. Suna cikin na sha ɗaya wayarsa ta yi ƙara, Dom Ferrante ne. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gwiwar Bev, ya yi zancen ruwan sama, daga ƙarshe ya ce Talatar nan ta mako mai zuwa da suka sa, a ɗan dakata tukuna, akwai abin da yake so ya duba. Arlis ya ce to, ba komai.

"Ya ji," in ji Bev.

"Ya ji."

"Kuma ka ce masa ba komai. Da ni ce, da na tambaye shi wa ya jawo masa mota daga cikin dusar ƙanƙara bara."

Ya miƙa mata na gaba. Sha biyu saura kwata, tas. Sha biyu da minti takwas, tas. Daga nan lambobin suka yi tsalle, domin ranar sun kashe inji sun tafi cin abinci. Na gaba ƙarfe ɗaya da minti biyar ne. Bev ta ɓalle shi, ta kawar da kai tana tari. Na bayansa ma haka. Har ƙarshen katakon babu ɗaya da ya tsira, a na safe kuma babu ɗaya da ya kamu.

Suka tsaya suna kallon layin kamar zai yi magana.

"Tarin gwangwani na biyu," in ji Bev. "Wanda muka kwance daga baya. Shi ne mai mugun shafi. Mun shiga uku."

Arlis ya shiga tirela ya ɗauko littafin aiki. Ƙarfe goma da minti arba'in suka kwance tari na biyu, da rubutun Bev ɗin kanta. Ke nan awa ɗaya da rabi ana cika na tari na biyu kafin cin abinci, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Ya yanka bakin gwangwani biyu, na safe da na yamma, ya auna ninkin murfin. Babu bambanci ko na silin gashi.

"Tanki ɗaya, inji ɗaya, gwangwani iri ɗaya," ya ce. "Ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru da muka tafi cin abinci?"

"Kaza muka ci da dankali mai gishiri. Cinya uku ka tashi da su, ina kallon ka."

"Wa ya rage a ɗakin tankuna?"

"Ba kowa. Trudy ta ja ƙofa da hannunta." Bev ta kurɓi kofinta da ya huce. "Kira ta yanzu ka gaya mata. Ai wannan ya isa."

"Bai isa ba. Za ta ce da rana injin ya yi zafi, ko tiyo ya ɗauki datti, ni kuma ba ni da amsa. Na san lokacin, ban san abin ba."

Washegari ya koma gonar shi kaɗai. Trudy ta tafi kai kaya cikin gari. Ya zagaya ɗakin tankuna, ya duba famfo, ya leƙa magudana, ya tsaya gaban tanki na huɗu wanda yanzu babu komai a cikinsa, ya ƙwanƙwasa shi ya saurara. Shi kansa bai san abin da yake nema ba.

"In madara kake nema, ba ma sayarwa."

Otmar Reinholt ne, mahaifin Trudy, zaune a kan benci a bakin ƙofar baya, ragar kare inabi daga tsuntsaye a cinyarsa yana ɗinke inda ta yage. Shekararsa tamanin da uku. Shi ya dasa kurangar inabi ta farko a tudun nan, amma tun da ya faɗo daga tsani shekara biyu da suka wuce Trudy ta hana shi hawa komai, ta bar masa mabuɗin ɗakin tankuna kawai don ya riƙa shiga yana ganin su. Mutane sun daina zama kusa da shi, domin in ya kama labari sai rana ta faɗi.

Arlis ya gaishe shi, ya zauna, ya kama masa ɗaya bakin ragar.

"Na ji gwangwanayenka sun yi tusa," in ji tsohon, ransa fes. "Na gaya mata tun farko. Giya a gwangwani! Wake ake sawa a gwangwani, da abincin kare. Kai ɗan Teeter, ka taɓa ganin wanda ya ajiye gwangwani shekara ashirin don ranar auren jikarsa?"

"Ban taɓa ba, Mista Reinholt."

"To."

"Da can yaya kuke cika kwalba? Kafin injuna?"

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau don ya ga ko gatse ne. Da ya ga ba gatse ba ne, ya ajiye allura. Ya faro tun daga ƙauyensu a bakin wani kogi a Jamus, inda ubansa ke kunna tsumma mai farar wuta ya zura a ganga, yara su watse suna hawaye. Ya gangaro kan jirgin da ya kawo su, da shekarar da sanyi ya kashe masa kuranga dubu huɗu, da injin toshe kwalba na hannu wanda ya cinye wa matarsa farce. Ya yi zancen kwalaben da aka yi yayi a baya, masu nauyin tubali, da rami a gindi har babban yatsa ya ɓace a ciki, wai don mai saye ya ji nauyi ya ɗauka giyar ce mai daraja. Ya zagi murfin murɗawa, daga baya ya yarda ya fi toshiya. Ya zagi giyar da ake ɗurawa a leda a sa a kwali, wannan bai yarda da komai ba. Rana ta bar bencin ta hau bango. Arlis yana riƙe da raga, in tsohon ya tsaya shan iska sai ya ce, "Sai kuma aka yi yaya?"

Har Alhamis ɗin ta ɗan fita masa a rai. Bai taɓa sanin da ƙananan tsakuwa ake girgiza tsohuwar kwalba a wanke ta ba, ko cewa mai kunne yana gane kwalba mai tsaga daga ƙararta.

"Yaran yanzu lamba suka sani," in ji Otmar. "Trudy ta fi ni karatu, ban musa ba. Ta auna da safe, ta rubuta, a wurinta an gama. Amma giya abu ce mai rai. Ka ɗebe rabin tanki, me ya maye gurbin rabin?"

"Iska."

"Iska! Sai ku kashe inji ku tafi cin kaza awa guda, ku bar ta da iska a ka, ga doguwar tafiya a gabanta, mota, sito, kanti, zafin rana. Wa ke sallamar matafiyi ba guzuri? Ubana ba ya barin rabin tanki haka. Ana tashi cin abinci zai auna mata ɗan gari, ya dama da ruwa, ya zuba, ya juya. Guzurinta ke nan. Ni ma shekara arba'in ban taɓa fashi ba, kuma ba a taɓa dawo mini da kwalba ba."

Arlis bai ɗaga ido daga ragar ba.

"Har bana?"

Tsohon ya waiga wajen hanya, ya rage murya, yana murmushin wanda ya tsamo nama a tukunyar gidansa. "Tsanin tankin matakala shida ne kacal. Kada ka gaya mata na hau. Ba don guzurin nan ba, da abin da gwangwanayenka suka yi mata ya fi haka muni."

Ga amsa ta zo har cinyarsa. Yana iya tashi ya tare Trudy a bakin hanya, magana uku ta gama komai. Ya kuma san abin da zai biyo baya: mabuɗin da ke rataye a wuyan tsohon da igiyar takalmi, yau zai bar wuyan. Ya ɗan jima yana juya abin. Sannan ya ajiye ragar, ya je mota ya ɗauko gwangwani biyu, ya biya ɗakin da baƙi ke ɗanɗana giya ya aro kofin gilashi biyu.

"Mista Reinholt, duba mini wani abu. Hancinka ya fi nawa."

Ya kifa su ya nuna masa lambobin, sha biyu da minti takwas, ɗaya da minti biyar, ya zuba kowanne a kofinsa. Otmar ya sansana na farko, ya gyaɗa kai, har da ɗan jin haushi cewa ta yi kyau. Ya sansana na biyu. Ya ɗauki gwangwanin ya karanta lambar, ya nisanta ta da ido, ya sake karantawa. Arlis ya yi masa bayanin shafi da ƙarfe, a hankali, yadda shi ma aka yi masa ranar da ya sayi injin. Ya gaya masa na safe duk sun tsira, na bayan cin abinci duk sun kamu.

"Garin da ke tsare ta, shi ke ɓata ta?"

"A gwangwani, e."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara sa ta a gwangwani, ina ji."

"Kuma ba wanda ya gaya mini."

"Ba wanda ya san kana zubawa."

"Wa ke yin shela don ya sa wa miya gishiri?" Tsohon ya sake juya gwangwanin yana dubawa. Can ya miƙo hannu. "Ba ni wuƙarka."

Ya tsaga gwangwanin, ya shafa cikin da babban yatsa, ya kankare da farce, ya ɗaga wa haske. "Wannan ne shafin? Ai ɓawon albasa ya fi shi kauri. Ikon Allah! Yaya suke yi ya zauna daidai haka ko'ina?" Arlis ya ce feshi ake yi a gasa. Ya tambayi da me ake feshin, da wane irin zafi, da dalilin da ya sa lemon gwangwani ba ya cin nasa shafin. Wasu Arlis ya sani, wasu ya ce bai sani ba, suka zauna suna mamaki tare.

Sai tsohon ya laluba aljihu ya fito da wani tsohon kwabo, irin na da na jan ƙarfe, ya goge shi a riga, ya jefa a kofi na biyu ya kaɗa. Ya ƙirga ashirin da harshen Jamus, ya miƙa wa Arlis. Ɗoyin ya tafi. Ƙamshin tuffa ya dawo, a raunane, amma shi ne.

Arlis ya sansana har sau uku. "Yaya aka yi haka?"

"Jan ƙarfe yana kama warin. Wannan ma ba ya cikin takardar Trudy." Ya tsamo kwabon da yatsu biyu. Murnar ba ta daɗe a fuskarsa ba. "Nawa ne na yamman?"

"Kusan dubu biyu."

"Ba ni da kwabo dubu biyu." Ya share hannu a wando. "Ranar Alhamis za ta tashi ta kira sunanka."

"Haka ta ce."

"Kai kuma ka zo ka riƙe mini raga awa uku."

"Labarin ya yi daɗi."

"Maƙaryaci. Me ya hana ka tare ta a hanya ka gaya mata?"

"Ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Amma ba zan iya ɗaukar laifin ba, Mista Reinholt. Da ni kaɗai ne da sauƙi. Tirelar nan rabinta na Bev ne."

"Wa ya ce ka ɗauka? Kana ganin ni irin wanda yaro ke ɗaukar wa kaya ne?"

Ba a jima ba motar Trudy ta shigo. Otmar ya dafa benci ya miƙe, ya ɗauki tsagaggen gwangwanin, ya bi ta ofis ya rufe ƙofa. Arlis ya zauna inda yake. Da fari bai ji komai ba, sai muryar Trudy ta tashi, "Tsani, Papa? Tsani ka hau?" Tsohon ya mayar mata da martani da harshen Jamus, ta bi shi da shi, abin ya wuce inda Arlis ke ganewa. Ya ɗauki allurar ya ci gaba da ɗinkin ragar, ɗinkin da washegari sai da aka warware.

Da ta fito idanunta sun yi ja. Ba ta kula shi ba, ta shige ɗakin tankuna, ta fito tana jan tsanin ƙarfe a ƙasa yana ƙara, ta cilla shi a bayan motarsa.

"Na ba ka. Kada in sake ganin sa a gonar nan."

Arlis ya hango tsohon a ƙofar ofis, mabuɗin yana wuyansa.

"Ban san yadda ake ba da haƙuri a kan irin wannan ba," in ji Trudy.

"Ba sai kin ba ni ba."

"Alhamis dai zan tashi."

"To."

"Daina ce mini to kamar ka san abin da zan faɗa."

Ranar Alhamis ƙarfe biyar zauren ya cika, mutum talatin da wani abu a kan kujerun ninkewa, ga kofi, ga kek ɗin inabi a kan teburin baya. Arlis da Bev suka zauna kusa da ƙofa. Waɗanda suka saba zuwa su dafa kafaɗarsa yau daga nesa suka ɗaga masa hannu. Aka gama zancen masu tsinkar inabi da na tsuntsaye, Trudy ta miƙe.

Ta ce sun ji giyarta ta ɓaci a gwangwani, gaskiya ne. Ta ce sun kuma ji laifin Teeter ne, kuma daga bakinta maganar ta fita, to ta janye ta a gaban kowa. Gwangwanayensa lafiyarsu ƙalau, injinsa ma haka. Daga cikin gidanta abin ya fito: an tafi cin abinci, wani ya shiga ya ƙara wa rabin tanki gari, yadda ake yi wa kwalba tun zamanin da.

"Ni ne wanin," in ji Otmar daga layi na biyu, hannunsa a sama kamar ɗan makaranta.

Aka fashe da dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin nan da can mutane sun fara duban juna. Wata mata ta ce a hankali, surukarta ma tana yi, a gwangwanin kofi take ɓoye garin. Wani ya ce shi da kansa yake yi, bai taɓa ɗauka abin faɗa ba ne. Dom Ferrante ya dafe kai da hannu biyu.

"Kawu Gino!" ya ce. "Kullum shi ne na ƙarshen zuwa tebur, ya ce wai hannu ya tsaya wankewa."

Zauren ya rikice, kowa na ba da labarin tsohon gidansa. Shugaban taro ya bubbuga tebur har ya gaji ya bari. Cikin hayaniyar Dom ya ratso kujeru ya zo bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana murza bakinta.

"Arlis, Talatar nan. Ka ba wani?"

"Ban ba kowa ba."

"Ƙarfe takwas?"

"Takwas."

"Amma ba za mu tashi cin abinci ba. A gindin tankin za mu ci, ina kallon murfinsa."

"Kai za ka kawo abincin," in ji Bev, "kuma ba burodi da cuku ba. Naman da matarka ke gasawa ranar Lahadi nake so."

Dom ya dubi Arlis ko zai cece shi. Arlis ya riga ya zaro littafinsa yana rubuta ranar.